Chanel a gidan tarihi na Landan: suna nata, riba ta wasu

Daga ranar 16 ga Satumba, 2023, da gidan adana kayan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya buɗe baje kolin ayyukan Gabrielle Chanel, har zuwa rufe shi a 2024, tikitin shiga ya yi wuyar samu. Waɗanda suka dace da shi sun ratsa ɗakuna masu ɗauke da tufafi kimanin 200, daga ɗinkin farkon aikinta har zuwa na 1971, shekarar da ta rasu. Asalin baje kolin daga gidan tarihin tufafi na Palais Galliera da ke Paris yake, inda aka fara nuna shi a 2020.

Rigunan sun cancanci kallo, musamman ga mai son ganin yadda matar da ta fara da shagon huluna a 1910 ta taimaka wajen raba matan Turai da suturar da ke matse su. Amma sashen da ya fi nauyin labari shi ne na turare, inda aka jera kwalaben N°5.

A 1921 ne masanin haɗa ƙamshi Ernest Beaux ya haɗa mata shi da furannin yasmin da wardi, da kuma wasu sinadarai na ɗakin gwaji masu sa ƙamshi ya tashi. Kwalbar ba ta da wani ado: gilashi mai kusurwa huɗu, farar takarda, baƙin rubutu. Ita ce dai matafiya ke tsarabarta har yau daga shagunan filayen jiragen sama.

Abin da gilashin ba ya nunawa shi ne rabon kuɗin. A 1924 aka kafa kamfanin Parfums Chanel domin sayar da turaren a duniya. Pierre Wertheimer da ɗan'uwansa Paul, masu jari da masana'anta, suka riƙe kashi 70 cikin ɗari. Théophile Bader, da ya haɗa su da ita, ya samu 20. Mai sunan ta tashi da 10. Ta shafe shekaru tana ja da wannan yarjejeniya, tana ganin an ƙware ta.

A nan ne tarihin ya yi duhu. Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Chanel ta ci gaba da zama a otal ɗin Ritz, tana hulɗa da jami'in Jamus Hans Günther von Dincklage. A 1941 ta nemi amfani da dokokin 'yan Nazi da suka hana Yahudawa mallakar kasuwanci domin ta karɓe kamfanin, kasancewar iyalan Wertheimer Yahudawa ne da suka tsere zuwa Amurka. Sai dai sun riga ta dabara: sun damƙa hannun jarinsu ga wani ɗan kasuwa Bafaranshe, Félix Amiot, wanda ya mayar musu bayan yaƙi.

Masu shirya baje kolin ba su tsallake wannan babi ba, kuma sun kyauta. Sun ambaci alaƙarta da hukumar leƙen asirin Jamus, suka kuma nuna wata takarda da ke lissafa ta cikin masu gwagwarmayar 'yantar da Faransa, takardar da wasu masana tarihi suka yi shakkar ingancinta. Duk da haka, gurbin da aka ba batun ƙanƙane ne idan aka kwatanta da faɗin ɗakunan siliki, kuma a lokacin mai sauri na iya wuce shi bai lura ba.

A 1947 aka sabunta yarjejeniyar, ta fara karɓar kashi 2 cikin ɗari na cinikin turaren a faɗin duniya, abin da ya wadata ta har ƙarshen rayuwarta. Da ta dawo ɗinki a 1954, bayan shekara 15 da rufe gidanta, Pierre Wertheimer ne ya ɗauki nauyin aikin, ya kuma mallaki gidan ɗinkin. Jikokinsa, Alain da Gérard, su ne ke da kamfanin Chanel a yau.