Sanƙarau Ya Wuce, Yaro Na Tangaɗi

Duk shekarar da sanƙarau ya ɓarke, lissafi biyu ake karanta mana a rediyo: waɗanda suka rasu, da waɗanda aka sallama “sun warke”. Haka aka yi a 2024, lokacin da cutar ta addabi Jigawa da Yobe da Bauchi, har Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin Men5CV. Kalmar “warkewa” ce ta tsaya mini a rai, domin akwai yaran da ke komawa gida lafiyar ido, amma tafiyarsu ta sauya.

Kunne ba ji kaɗai yake yi ba. Can ciki, bayan dodon kunne, kusa da sashen ji mai siffar katantanwa, akwai wasu lanƙwasassun bututu uku cike da ruwa. Su ke gaya wa ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Sanƙarau kan lalata su tare da ji. Allurar jentamaisin ma, wadda ake dirka wa yara a kemis kamar ruwan sha, ta fi cin wannan sashe fiye da na ji. Yaron da abin ya shafa yakan yi jinkirin tatata, ya wuce wata 18 bai taka ba. Wanda ya riga ya iya tafiya kuwa, da rana ido na taimakonsa, amma da magariba ta yi sai ya dinga layi. Sai a ce iska ce, ko shan inna, ko kuma a yi masa faɗan rashin natsuwa.

Abin mamaki, gwajin gano wannan matsala ya haura shekara ɗari. Wani likitan kunne a birnin Biyana na Ostiriya, Robert Barany, ya lura marasa lafiya na kukan jiri idan ya wanke musu kunne da ruwan da ya yi sanyi, kuma ƙwayar idonsu na fizga gefe guda. Ya gwada da ruwan ɗumi, idon ya fizga ɗaya gefen. Daga nan ya gane cewa ido tagar kunne ce: kunnen da aka zuba wa ruwa ido bai motsa ba, sashensa na bututun nan ya daina aiki. An ba shi kyautar Nobel ta 1914, labarin kuma ya same shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. Har gobe ana yin gwajin, da ruwa mai ma'aunin zafi 30 da 44, sai dai ƙananan yara ba sa jure shi. Su akan ɗora su a cinyar uwa bisa kujera mai juyawa, ana kallon idonsu. A 1988 kuma wasu masu bincike a Ostireliya, Halmagyi da Curthoys, suka kawo wanda ya fi sauƙi: yaro ya ƙura wa hancin likita ido, likita ya juya masa kai da sauri kaɗan. In idon ya zame sannan ya dawo, akwai matsala.

To, wannan na ƙarshen wace na'ura yake buƙata? Hannu biyu ne da horo. Muna da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna, me ya hana ma'aikatun lafiya na jihohi su tura mata ma'aikatan asibitocin karkara su koyo? Me ya hana a rubuta a katin sallama cewa a dawo da yaro gwajin kunne? Jinkiri a nan ba ƙaramin abu ba ne, domin bayan sanƙarau katantanwar kunne kan fara toshewa da ƙashi cikin 'yan makonni.

Iyaye ma da namu laifin, mun fi saurin neman turare. In ɗanki ya kai shekara biyar, sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya ido buɗe, sannan ya rufe ido ya sake, kina kusa da shi. In rufe idon kaɗai ya zubar da shi nan take, kai shi wurin likitan kunne, ki kuma faɗa masa duk allurar da aka taɓa yi wa yaron.