Kwamfuta Ma Tana da Harshen Kasuwa

A kasuwar Nima, Zabarmawa da Kotokoli da Dagomba duk da Hausa suke ciniki. Kwamfuta ma tana da irin wannan harshe na kowa, wato ƙa'idar POSIX, wadda sashenta na rubuta umarni ya fito a 1992.

Matasanmu na Nima da Maamobi masu haɗa manhajojin Linux, a yi hattara. A 2006 Ubuntu ta maye gurbin bash da dash wajen gudanar da umarni, sai ayyuka da dama suka cije, domin da salon bash kaɗai aka rubuta su. Saboda haka mu riƙa sa printf maimakon echo -e, mu gwada da dash kafin rabawa. Manhajar da ta cije a kwamfutar mai saye, sunanmu take ɓatawa.