Kalmar "Decide" da Takwarorinta a Hausa: Abin Lura ga Malaman Sangere

1.0 Gabatarwa

Sangere tana ƙaramar hukumar Girei ta Jihar Adamawa, a kan hanyar Jimeta zuwa Mubi, daura da Jami'ar Modibbo Adama wadda aka kafa a 1981. Yara da dama a wannan yanki suna tashi da Fulatanci ko wani harshe a gida, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da wurin wasa. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da bugunta na 2004, sun tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa kafin a koma Ingilishi. Don haka malami yakan jingina da Hausa wajen fayyace kalmomin Ingilishi. A wannan maƙala za mu duba kalmar "decide", domin mu nuna cewa fassara guda ɗaya ba ta wadatar da ita.

2.0 Asalin Kalmar

Kalmar ta shigo Ingilishi ta hanyar Faransanci a ƙarni na 14, tushenta kuwa Latin ne, inda "caedere" ke nufin yanka ko sara. Bahaushe ma cewa yake yi ya "yanke" shawara, wato ya datse kai-kawon tunani. Wannan dacewa ce ke sa malami ya ɗauka cewa kalmomin biyu daidai suke a ko'ina, alhali ba haka abin yake ba.

3.0 Ma'anoninta

3.1 Tsayar da abu a rai. Idan "to" ta biyo bayan kalmar, ma'anarta ita ce yanke shawara ko ƙudurta niyya:

1. Binta decided to study medicine.
Binta ta yanke shawarar karanta aikin likita.

3.2 Zaɓi. Idan "between" ko "on" ta biyo baya, zaɓi ake nufi. Idan kuwa "against" ce, to fasawa ke nan:

2. He must decide between Yola and Mubi.
Dole ya zaɓi ɗaya, ko Yola ko Mubi.

3. We decided against the journey.
Mun fasa tafiyar.

3.3 Hukunci. Idan kotu ce ko alƙali ke aikin, hukunci ake yankewa, domin shawara ana iya ɗauka ko a bari, hukunci kuwa tilas ne a bi shi:

4. The World Court decided the Bakassi case in 2002.
Kotun Duniya ta yanke hukunci kan shari'ar Bakasi a 2002.

3.4 Raba gardama. Ingilishi yakan bai wa abu marar rai wannan aiki. A watan Fabrairun 1961, mutanen Arewacin Kamaru da ke hannun Ingila, ciki har da na Mubi da Ganye, sun jefa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi zama a Nijeriya. A darasin tarihi ɗalibi na iya cin karo da wannan jumla:

5. The vote decided the matter.
Ƙuri'ar ce ta raba gardama.

A nan ba za a ce ƙuri'a ta yanke shawara ba, tunda ba ta da zuciyar da za ta yi tunani da ita.

4.0 Inda Matsalar Take

Kalmar "shawara", wadda Hausa ta aro daga Larabci, takan sauya ma'ana gwargwadon aikatau da ya zo kafinta. "Ba da shawara" shi ne "advise", "yi shawara" shi ne "consult", "kawo shawara" shi ne "suggest", sai "yanke shawara" da ke daidai da "decide". Yaron da ya haddace cewa shawara ita ce "decision" zai iya rubuta "My father gave me a decision", alhali nufinsa mahaifinsa ya ba shi shawara. Haka kuma wanda bai san aikin "against" ba zai fahimci jumla ta 3 a juye, ya ɗauka an yi tafiyar. Irin wannan kuskure kan jawo asarar maki a jarrabawar auna fahimta, kuma yakan ɓata fassarar takardun kotu da rahoton taro idan yaro ya girma da shi.

5.0 Shawarwari

Muna ba masu tsara manhaja da malamai shawara kamar haka. Na farko, a riƙa koyar da kalmar a cikin jumla tare da ƙaramar kalmar da ke bin ta, a daina jera ta ita kaɗai a allo. Na biyu, a saba wa ɗalibai da tambayar kansu wa ya yi aikin: mutum ne, ko kotu, ko wani abu? Na uku, malami ya tabbatar ɗalibansa sun bambance gaɓoɓin "shawara" a Hausar kanta, musamman waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ce. Ƙamusun Ingilishi da Hausa na Roxana Ma Newman na 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, za su taimaka wajen shirya darasin.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa "decide" tana ɗaukar aƙalla ma'ana huɗu, kuma Hausa tana da lafazin da ya dace da kowacce: yanke shawara, zaɓa ko fasawa, yanke hukunci, da raba gardama. Muna fatan littattafan ƙaramar sakandare za su ware wa wannan kalma darasi guda, da misalan da ɗalibin Sangere ya sani.