Shara, Juji da Taki: Ma'auni Uku na Auna Tsabtar Jami'a

Jami'a gari ce sosai, ko da yake ba a kiranta haka. A Samaru ta Zariya, inda aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan hanyar Gwarzo a Kano, akwai ɗakunan kwanan ɗalibai, da gidajen malamai, da kasuwa, da asibiti, da ɗakunan gwaje-gwajen kimiyya. Kowanne kuwa kullum yana fid da abin da ba ya bukata. To, da wane ma'auni za a ce wannan jami'a ta iya sarrafa shararta, waccan ba ta iya ba? Galibi da ido ake yin hukunci: in an ga hanyar ofishin shugaba fes, sai a ce an yi tsabta. Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa Hausa tana da kalmomi uku waɗanda suka fi ido iya wannan awo, watau shara da juji da taki.

Shara. Wannan kalma 'yar'uwar aikatau share ce, tana kuwa ɗauke da ma'ana biyu: aikin tsintsiya, da kuma abin da tsintsiyar ta tara. Yarinya tana shara, sa'an nan ta kwashe shara. Haɗuwar ma'anonin nan ita ke ruɗin mai bincike, domin in ya tambayi hukumar makaranta labarin shara, sai a lissafa masa yawan masu shara da motocin kwasa, alhali kuwa abin da ya kamata ya sani shi ne yawan abin da aka kwasa da irinsa. Wannan ba ya samuwa sai da sikeli. Akan tara sharar kowane sashe dabam har mako guda, a auna nauyinta, a baje ta a rarrabe: ragowar abinci da ganye, takarda, leda, robar ruwa, gwangwani, kwalba. Sa'an nan a maimaita lokacin hutu da lokacin karatu, da rani da damina, gama sharar damina jiƙaƙƙiya ce, ta fi nauyi. An yi irin wannan awo a Jami'ar Legas, aka buga sakamakon a 2017: kimanin tan 32 kowace rana, kashi uku cikin huɗu kuwa abin da za a iya sake amfani da shi ne.

Juji. Shara ba ta ɓacewa don an ɗauke ta daga ƙofar ɗaki, wuri kawai ta sake. Bahaushe ya ba wurin nan suna, juji ko bola, domin ya san yana nan. Ma'auni na biyu ke nan: mai bincike ya bi motar da ƙafarsa har inda take juyewa. Nawa ne tsakanin jujin da rijiya ko rijiyar burtsatse? Ana rufe shi da ƙasa, ko kuwa wuta ake cinna masa? Hayaƙin leda da roba yana da guba, iska kuwa ba ta san katangar makaranta ba. Ledar da ba ta ƙone ba takan toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai. Wadda iska ta kai makiyaya kuwa, awaki da shanun maƙwabta su haɗiye ta, ta dunƙule cikin tumbi, dabba ta yi ta ramewa. Har ila yau a duba ko allurar asibiti da ragowar sinadaran ɗakin gwaji da matattun batura suna da hanyarsu dabam. In an same su cikin juji ɗaya da ɓawon lemo, to, makarantar ta faɗi wannan jarrabawa, kome kyaun furanninta.

Taki. Wannan ita ce kalmar da ta fi sauran daraja, domin tana nufin sharar da ta koma dukiya. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna shiga gari da jakuna ɗauke da itace, su komo da toka da kashin dabbobi da sharar gida a mangala, su zuba a gona. Mortimore da Wilson sun bayyana wannan al'ada cikin binciken da Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga a 1965. Da ita aka riƙa noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu. Abin da ya ɓata takin birni a yau shi ne gaurayuwarsa da leda da fasassun kwalabe. Saboda haka ma'auni na uku shi ne: cikin kowane kilo ɗari da jami'a ta fitar, nawa ne ya koma gona, nawa ya koma masana'anta, nawa ya tsaya a juji? A nan wajibi ne a sa 'yan jari-bola cikin lissafi. Su ne ke tsince ƙarfe da roba da gwangwani su kai wa masu saye, amma rahoton hukuma ba ya ambatonsu, sai fa in an ce a kore su daga harabar.

Ba a rasa dokoki da ma'aunai na waje ba. Nijeriya ta kafa hukumar NESREA a 2007 don tabbatar da bin dokokin muhalli, Jami'ar Indunusiya kuma ta fara jera jami'o'in duniya bisa ga kula da muhalli a 2010, shara tana cikin manyan abubuwan da take dubawa. Amma irin wannan jeri ya dogara ne ƙwarai ga abin da kowace jami'a ta rubuto da hannunta. Mai shara da mai dafa abinci, waɗanda su ne suka san gaskiyar al'amarin, da Hausa za a tambaye su a ƙasar Hausa, in kuwa takardar tambaya ta kira kome da kome shara, amsar da za ta samu ba za ta rarrabe kome ba.

Ga malaman kwalejojin horon malamai, wannan aiki ne da aji ɗaya zai iya gamawa cikin zango guda, da sikeli da safar hannu da littafin rubutu. A raba ɗalibai uku: masu awo, masu bin mota zuwa juji, da masu lissafin abin da ya koma amfani. Kowane rukuni ya rubuta rahotonsa da Hausa, ya tattara sunayen da ma'aikata ke kiran kowane irin tarkace. Ɗalibin da ya taɓa auna sharar ɗakin kwanansa da hannunsa, in ya zama shugaban makaranta, zai san abin da zai tambaya ranar da aka ce masa an yi shara.