Yadda huhu ke kwashe ruwan da ya malale cikinsa

A duk lokacin da ciwon limoniya ya yi tsanani, ko ƙwayoyin cuta suka bazu a cikin jini, ko mutum ya ji mummunan rauni a hatsarin mota, huhunsa na iya cika da ruwa har numfashi ya gagara.

Likitoci na kiran wannan yanayi ARDS, kuma a shekarar 1967 ne wasu likitoci a birnin Denba na Amurka suka fara bayyana shi, bayan sun lura da marasa lafiya 12. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 50, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na masu fama da shi kan rasu a asibiti.

Huhu na ɗauke da ɗaruruwan miliyoyin ƙananan jakunkunan iska, inda iskar oksijin ke ratsawa zuwa cikin jini. Idan kumburi ya lalata siririn bangon da ke tsakaninsu da jijiyoyin jini, sai ruwa ya kwararo ya mamaye gurbin iska.

To sai dai huhu na da hanyar tsane kansa, kuma ba ruwan yake ja kai tsaye ba. Gishiri yake ja, ruwa ya biyo baya.

A fuskar ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe jakunkunan akwai wani furotin mai suna ENaC, wanda tamkar ƙofa ce da sinadarin sodiyam ke shiga ta cikinta. A ɗaya ɓangaren kuma akwai famfon da ke fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, wanda masanin nan ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, ya gano a 1957. Sodiyam na ficewa, sai ruwa ya bi sahunsa.

Muhimmancin ƙofar ya fito fili a 1996, lokacin da masana a Suwizalan suka samar da ɓerayen da ba su da ita. Jariran sun mutu cikin sa'o'i 40 da haihuwa, huhunsu cike da ruwa. Abin mamaki, ɓerayen da aka cire wa furotin ɗin akwaforin, wanda aikinsa ke nan ratsar da ruwa, sun ci gaba da tsane huhunsu.

A jikin mai fama da ARDS wannan tsari kan raunana. Ƙarancin oksijin na sa ƙwayoyin halitta su janye famfunansu, ƙwayar cutar mura na dakushe ƙofar, wasu ƙwayoyin halittar kuma su mutu baki ɗaya.

A 2001 Lorraine Ware da Michael Matthay na Jami'ar Kalifoniya suka auna marasa lafiya 79. Kashi 20 cikin ɗari ne suka rasu a cikin waɗanda huhunsu ke tsanewa da sauri, yayin da kashi 62 suka rasu a cikin sauran.

Wannan ya sa aka ɗora fata kan salbutamol, maganin nan na masu asma, domin yana zaburar da famfon. Amma gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda aka wallafa a 2012, sai da aka dakatar da shi tun kafin a kammala, saboda waɗanda aka ɗura wa maganin ta jijiya sun fi mutuwa.

Abin da ya tabbata yana ceton rai shi ne rage yawan iskar da na'urar numfashi ke hurawa, da kifa maras lafiya a kan cikinsa, domin bangon ya samu sararin warkewa.