Mai Ciwon Zuciya da Nauyin Damuwa



In muka ji an ce baƙin ciki ya sa wa wane ciwon zuciya, mukan ɗauka salon magana ne kawai. Amma likitoci sun tarar lallai damuwa da ciwon zuciya suna tafiya tare. Cikin mutum biyar da suka tsira daga bugun zuciya, wajen ɗaya yakan faɗa cikin matsananciyar damuwa. A shekarar 2014, Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ta lasafta irin wannan damuwa cikin abubuwan da ke ƙara wa majinyaci haɗari.

Yaya hakan ke faruwa? Tsoro yakan sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, barci ya ƙaurace. Magidancin da dā yake noma gonarsa, yanzu ko zuwa sujada sai ya tsaya yana haki. Yana tunanin kuɗin magani, da na makarantar yara, yana ganin ya zama kaya. In ya fid da rai, sai ya daina shan magani, ya bar zuwa asibiti, ya shige ɗaki. Ciwo ya kawo damuwa, damuwa kuma ta ƙara ciwo.

A nan ne mukan yi kuskure. Mukan ce masa bangaskiyarsa ce ta raunana, mu ɗora masa laifi a kan ciwo. Mu tuna da annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gaji har ya roƙi mutuwa, amma Allah bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da abinci da ruwa har sau biyu, daga baya ya ba shi Elisha abokin tafiya.

Haka ya kamata ikkilisiya ta yi. Mu ziyarce shi, mu saurare shi kafin mu yi masa wa'azi. Matasa su taya shi aikin gona, Zumuntar Mata ta ƙarfafa matarsa, gama mai jinya ma tana gajiya. Kada mu ce ya ajiye magani domin an yi addu'a. In baƙin cikin ya wuce mako biyu, mu raka shi ya faɗa wa likita, domin shi ma ana maganinsa.

Ya Ubangiji, ka ta'azantar da masu ciwo, ka mai da mu hannuwanka a gare su, cikin sunan Yesu. Amin.