Ƙuri'ar fursuna: haƙƙin da ke jiran akwati

A shekarar 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke hukuncin cewa fursunonin Najeriya na da 'yancin kaɗa ƙuri'a. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta umarci hukumar zaɓe ta INEC ta sanya su cikin rajistar masu zaɓe. Duk da haka, zaɓen 2023 ya wuce babu rumfar zaɓe a gidajen gyaran hali.

Abin damuwar shi ne, yawancin waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, kotu ba ta same su da laifi ba. A Afirka ta Kudu kuwa, tun 1999 kotu ta tabbatar wa fursunoni 'yancin zaɓe. Ɗauri yana hana mutum fita, amma ba ya cire shi daga 'yan ƙasa.